Famfon da Ka Ɓoye a Motar Ƙanƙara

Zuwa ga maigidana, Malam, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata mace ta yi wa mijinta, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Mu muna nan da rai. Na fita takaba tuntuni. Ummi tana da ciki, in Allah ya yarda a watan Agusta za ta sauka. Ka ji watan da na faɗa. Tsakiyar damina ke nan, a unguwar nan tamu ta bayan Dei-Dei, inda in ruwa ya kankama ko ɗan acaɓa ba ya ƙetare fadama ya kai titi.

Gaisuwa ta ƙare. Malam, fushi nake yi da kai. Na san an ce a riƙa ambaton mamaci da alheri, kuma na yi, na yi har bakina ya gaji. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce mutumin kirki ya tafi, ni kuma in ce haka ne. Ban yi ƙarya ba. Amma akwai maganar da ta tokare ni a ƙirji tun ranar da aka fita da kai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

A kan motarka ce.

Ka tuna ranar da ka kawo ta? A bayan babbar mota aka ɗauko ta daga wajen 'yan gwangwan, ja ce amma tsatsa ta cinye jan. Ba taya ko ɗaya da ke taɓa ƙasa, sai bel mai faɗi irin na katafila hagu da dama da ƙarafa a jere a jikinsa. Ba sitiyari, sai sanduna biyu a gaban direba. Na leƙo na ce wannan kuma wane irin abu ne, ka ce motar ƙanƙara ce, a ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya aka ƙera ta, wani kamfani ne ya kawo ta lokacin da ake kafa turakun lantarki a cikin fadamu, da suka gama suka yar. Na ce to a Abuja ina ka ga ƙanƙara in ba a cikin firij ba? Ka yi dariya ka ce, "Abin da bai nutse a ƙanƙara ba, ba zai nutse a taɓo ba."

Unguwa ta yi maka dariya har ta gaji. Yara suka sa mata suna Kififiya. Masu shayi suna cewa Malam ya sayo tankar yaƙi zai kama Dei-Dei.

Ni na san abin da ta ci. Ta ci ranakun Lahadinka, ta ci tsakar gidana. Injinta na ƙasar sanyi ne, da ya ji ranar Abuja sai ya tafasa, ka nemo lagireton babbar mota ka ɗaura mata a gaba kamar goyo. Cikinta zafi kamar tanderu, ka cire ƙofofin gaba ɗaya. Bel ya tsage, babu irinsa a ƙasar nan, ka tafi wajen masu fasa dutse ka roƙo tsohon bel ɗin da ke jan tsakuwa, ka zauna kana yanka, kana hudawa, kana ɗaura ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Tukunyata ta miya ka ɗauke ka zuba notuna. Zanena na atamfa, wanda na yi fitar sunan Ummi da shi, na tarar da shi baƙi ƙirin da giris. Ban yi magana ba. To, na yi, amma ba da yawa ba.

Da damina ta zo sai dariya ta mutu. Kififiya ta shiga fadama ta fita kamar a kan tabarma take tafiya. Ta jawo motar shanu da ta kafe. Ta kai buhunan siminti. Ta kai masu naƙuda titi, Musulmi da Kirista, Bagwariya da Bafulatana, ba ka taɓa tambayar ko wace ce ba. Ko cikin cin abinci aka buga ƙofa sai ka wanke hannu. Nakan tsaya a bakin zaure in ji ƙararta tana nisa, taf-taf-taf, in ji kaina ya yi girma. Wannan ban taɓa faɗa maka ba, don kai ma ba ka cika tambaya ba.

Amma ba ka yarda kowa ya taɓa ta ba.

Oga Bitrus maƙwabcinmu, direban tifa ne tun kafin a haifi Ummi, ya roƙe ka ka nuna masa. Ka ce tifa daban, wannan daban. Mijin Ummi ya ce, Baba, ko tayarwa ce ka koya mini saboda wata rana. Ka ce masa, "Wata ranar ta zo tukuna." Ni kuwa da na ce ina son in san yadda ake kunna ta, ka dube ni ka ce, "Ke dai ki kunna murhu." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Na san dalilinka. Ka ce ɓarayin ƙarfe sun yi yawa. Ka ce in wani ya karya mata abu a ina za a samo. Ka ce hannu da yawa shi ke kashe inji. Shi ya sa ka yi mata wata dabara da kai kaɗai ka sani, ko an sami makulli ba za ta tashi ba. Har alfahari kake yi da ita a majalisa, kana cewa Kififiya ba ta jin maganar kowa sai taka.

To, ranar ta zo, Malam.

Bayan azahar ne. Ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni. Ka idar da salla ka miƙe, sai ka tafi gefe guda kamar an sare bishiya. Na zo na tarar bakinka ya karkace, hannun dama ya saki. Idonka biyu, kana ganina, kana jina, magana ce babu. Na yi ihu unguwa ta taru.

Ga mota a tsakar gida, cike da mai, kai da kanka ka zuba da safe. Ga makulli na ciro daga aljihunka. Oga Bitrus ya haye ya murɗa. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. Ya sake. Ya buɗe inji ruwa na dukansa, ya taɓa wannan ya ja wancan. Mijin Ummi ya shiga ƙarƙashinta cikin caɓi. Har yanzu ina jin muryar Bitrus, babban mutum yana kuka, yana cewa, "Maman Ummi, motan nan ya ƙi ni, wallahi ya ƙi ni."

Na dawo na durƙusa a kanka na ce, Malam, me ake yi mata? Ka ɗaga hannun hagu, ka haɗa babban yatsa da manuni kana murzawa a iska. Kana murzawa, kana kallona. Na ɗauka carbi kake nema. Na ɗauko carbi na sa maka a hannu. Ka sake shi ya faɗi, hawaye ya gangaro maka ta gefen ido. Na ɗauka tsoron mutuwa ne, na shiga karanta maka kalmar shahada.

Da batir ya mutu sai aka ciro ƙyauren ɗakinmu aka ɗora ka. Maza suka ɗauke ka a kafaɗa suka shiga fadamar da ka ƙetarar da rabin unguwar nan. Taɓo har cinya. Suna zamewa, suna tashi, ni ina biye da lema a kan fuskarka. Da muka kai titi la'asar ta wuce. Da muka kai asibiti, likita ya duba ya ce da an zo da wuri. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana ka yi ka cika.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Wallahi na yarda, ba na ja da hukuncin Ubangiji. Ko da jirgin sama aka kai ka, in lokaci ya yi ya yi. Amma ajali daban, rowa daban. Allah ne ya ɗauki ranka, amma ba Allah ne ya hana ka buɗe baki tun kana da bakin ba.

Duk zaman takabata ina kallon Kififiya ta taga. Kaji suka yi ƙwai a kujerarka. Na tsane ta, Malam. Da Yaya Sale, wanka, ya zo ya ce a kira 'yan gwangwan su yanka ta a huta, ban bari ya rufe baki ba na ce a kira su.

Suka zo da tukunyar gas. Babbansu ya ce sai an zuƙe man da ke ciki kafin a sa wuta. Ya bi bututun mai da hannu, yana bi, yana bi, sai ya tsaya ya yi dariya ya ce, "Hajiya, mai motar nan ɗan duniya ne." Ya nuna mini. Ɗan famfo ne, bai kai na tulun alwala ba. Ya kama shi da babban yatsa da manuni, ya murza.

Na ga yatsun nan. Na zauna a ƙasa a gaban maza.

Oga Bitrus ya tafi ya ciro batirin tifarsa ya ɗaura. Ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Ta tashi, Malam. Bayan duk watannin nan ta tashi tana taf-taf-taf a tsakar gidana kamar ba ta yi komai ba.

Abin da ya tsaya tsakaninka da titi ke nan. Abin da yarinya mai tallan gyaɗa za ta murɗa da hannu ɗaya. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, ka san inda nake ajiye 'yan kunnena na gado, ka san abin da ban faɗa wa uwata ba, ni kuwa ba ka ga na isa ka nuna mini famfo ba. Wace irin ɓarauniya ka ɗauke ni? Bitrus da ya yi maka dakon yashin ginin gidan nan, shi ne zai sace ta? Kullum kana faɗa wa mutane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe ban da naka hannun. Ka bar ni da hoton yatsunka. Ka bar ni ina sa maka carbi alhali taimako kake nema. Wannan nauyin ba nawa ba ne, kai ka ɗora mini, kuma da shi nake kwana.

Na sallami 'yan gwangwan. Yaya Sale ya yi faɗa, ya ce mace da tsohon ƙarfe me za ta yi. Na ce, Yaya, jikarka ko jikanka na tafe a watan Agusta, in kana da wata motar da za ta ƙetare fadama kawo ta, yau a yanka wannan. Ya gyara hula ya tafi.

Yanzu ga abin da ake ciki. Oga Bitrus ya gane kan sandunan, ya ce in ka ja na hagu ta yi hagu, in ka ja na dama ta yi dama. Ya koya wa mijin Ummi. Ya koya wa ladan, ya koya wa mai kemis. Ni ma na hau. E, ni. Na ja sanda da ƙarfi na rushe maka kusurwar katanga ta wajen bishiyar gwaiba, kuma ba zan ba ka haƙuri ba.

Abin da ka tafi da shi ya fi abin da muka tono. Ba mu san iya ɗaurin da bel yake so ba, ranar nan ya zame mana a bakin rafi muka wuni muna mayarwa. Akwai wata ƙara da take yi in ta juya dama, kai da jin ta ka san ciwon, mu sai kallon juna. Muna lalube. Wani lokaci ina shafa mata giris sai in tarar da wurin da ka ɗaure da waya, ɗaurin nan naka mai kyau kamar kitso, sai in rasa fushin, in tsaya riƙe da gwangwani kamar wawuya. Hularka ta aiki tana nan a rataye inda ka bar ta. Har yanzu tana warin fetur da kai.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ba zan jira ranar da za a sake tsayawa a tsakar gidan nan ana kuka da makulli a hannu ba. Saboda haka ka yi haƙuri ko kada ka yi, asirinka zan tona, a cikin wasiƙar nan da zan liƙa a ƙofar zaure, inda kowa zai karanta.

Famfon mai yana ƙarƙashin kujerar direba, ta hagu, bayan wani ɗan faranti da ka yi wa fenti don ya saje. A ɗaga farantin, a murza famfon ya miƙe da bututu, a taka totur sau biyu, sannan a murɗa makulli. Makullin yana rataye a ƙusa a cikin zaure, kuma zauren ba na kulle shi. In ɓarawo ya karanta, bismilla. Kififiya ba ta gudu, tsohuwa da sanda ma za ta kamo shi kafin ya kai rafi.

Ya Allah, ga bawanka. Ka san matan da ya kai titi cikin ruwa, ka san 'ya'yan da suka zo duniya lafiya ta dalilinsa, ka auna masa da wannan. Rowar da ya yi ta tsoro ce, ka yafe masa. Ni ma ina kan hanyar yafewa, ka ba ni ƙarfin ƙarasawa. Ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya masa fiye da ƙasar da aka ƙera motarsa. Ka sauki Ummi lafiya, ko da rana ko cikin ruwa, ka sa injin nan ya tashi a hannun duk wanda ya riga isa.

Taka, mai fushi da kai, mai kewarka,
Maman Ummi