Takardunka Sun Sha Mai

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma abin yana cin raina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gidan nan.

Na fita takaba wata biyu da suka wuce. Sikilar Ummi ta tashi da damina, mun yi kwana huɗu a asibiti, yanzu ta koma makaranta. Gari kuwa ya cika da fasta da maroƙa. Kai da ka baro Turai ka ce sojoji sun koma bariki, yanzu ilimi zai yi daraja, da ka ga Katsina yau da ka ji kunya. Ƙaninka Sale ma takarar kansila yake yi, mutumin da ko taron suna bai iya shiryawa ba.

A kansa zan ba ka labari. Ranar rabon gado kwamfutarka ta faɗa a kasonsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a cikinta. Ga danginka cike da tsakar gida, na ji nauyin a ce matar mamaci tana jayayya a kan kaya. Na sunkuyar da kai na ce ba komai.

Alhali na san abin da ke ciki. Sau nawa ka zaunar da ni kana yi mini bayani? Ka ce aikinka shi ne ka tabbatar ta hanyar lissafi cewa umarnin da aka rubuta wa na'ura ba zai taɓa kuskure ba, domin ko an gwada sau dubu, ba a san na dubu da ɗaya ba. Da aka haifi Ummi sai ka juya wannan lissafin kan ƙwayar jini. Ka zana ta a cikin kwamfuta, kana bin matakan da take bi kafin ta lanƙwashe, ko za a gane inda za a tare ta. Shekara tara kana wannan. Ni kuma ina ce maka lissafinka ba ya zuwa cefane. Ka yafe mini, Malam, ban taɓa gaya maka ina alfahari da kai ba.

Sale ya kai ta wurin mai gyara, aka goge komai don wai ta yi nauyi. Yanzu tana shagonsa a Ƙofar Sauri, tana buga fuskarsa. Duk bangon da na wuce sai in gan shi yana washe baki. Littattafanka na hannu kuwa, masu sharar ɗakinka suka zuba a buhu suka ba 'yan kasuwa, wai tarkace ne.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga farfesar da kuka yi aiki tare a Turai. Ta yi ta'aziyya, ta ce ka rubuta mata cewa saura kaɗan, in aika mata abin da ka bari ɗalibanta su ƙarasa. Da na gaya wa Sale, cewa ya yi in roƙe ta ko za ta aiko masa da sabuwar kwamfuta. Wallahi ban ƙara iya kallon fuskarsa ba.

Kwana uku na yi ina bin Babbar Kasuwa rumfa-rumfa. A wurin wata mai soya kifi na ga rubutunka, tana yaga tana ƙunshe wa mutane. Na karɓe abin da ya rage, shafi goma sha bakwai, duk sun sha mai. A ɗaya na ga zanen ƙwayar jinin, ka rubuta sunan Ummi a ƙarƙashinta. A nan tsakiyar kasuwa na tsuguna na yi kuka.

Na shanya su, na danne da tire, amma ƙarnin bai fita ba. Gobe zan kai su gidan waya a haka. Me zan rubuta wa matar nan? Na so in ce gobara aka yi, sai na tuna yadda kake ƙyamar maganar da ba hujja. Zan gaya mata gaskiya, har da cewa ni ce na ce wa Sale ba komai.

Ummi ce ban san yadda zan yi da ita ba. Jiya ma ta tambaye ni ko Baba ya gama aikin jininta kafin ya tafi. Na ce ta je ta sha maganinta.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya sada mu a inda ba a ciwo.

Ni ce taka,
Maman Ummi.