Tarin Akawal

Rikoto, daren Talata

Ni na jawo. Na ce wa jikokina wai Akawal, dokin da ɗana Bala ke horarwa, kakansu ne ya dawo, tunda tarinsu iri ɗaya ne. Wasa nake fa! Yau Bala ya ɗauko linzami, Ladi ta tare gabansa tana kuka: "Baba, kada ka sa wa Kaka ƙarfe a baki!" Horo ya tsaya. Bala ya ce, "Inna, gobe ki warware ƙaryarki."

Na yarda. Amma da magariba na kai wa dokin dusa, ya ƙi ci sai da na zauna kusa da shi. Haka marigayi yake mini da tuwo. Astagfirullahi. To, gobe me zan ce wa Ladi?