Kada Inna Ta Sha Ƙwayoyin

Sabo, Ibadan
12 ga Maris, 1981

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da mutanen Dosara baki ɗaya. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya albasar bana?

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ka san faɗuwar gaban da ta kama ni tun da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonarmu. Likita ya ba ni ƙwayoyi, hankalina ya kwanta. Da na ji Inna ma haka take fama, sai na raba su biyu, na ba Gajere, direban motar shanu, ya kawo mata.

Kwana biyar da tafiyarsa jikina ya feso da ƙuraje, daga wuya har yatsu, kamar an watsa mini ƙaiƙayin gero. Mahauci da irin wannan hannu, wa zai sayi namansa? Wata mata ta dubi yatsuna, ta ajiye tsokar da na yanka mata, ta wuce. Likita ya ce maganin ne, ya sauya mini wani, ya kuma yi mini faɗa sosai da ya ji na aika gida. Yanzu da sauƙi, kada ka damu.

Don Allah ka karɓe ƙwayoyin nan daga hannun Inna. Ka san Inna ba ta zubar da abin da na aiko, ka duba cikin kwallarta. In ta fara sha, ka kai ta asibitin Talata Mafara tare da ragowar.

Kwanciyar hankali na so in aiko mata, Yaya. Yanzu ni ne ba ni da ita, sai na ji daga gare ka.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Ɗan Asabe