Maganin Baba da Na Zubar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, ƙafar Umma ta daina kumburi.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma laifina zan faɗa maka. Ka san tun bara ya daina buɗe shagonsa na kafinta, zarto ya yi tsatsa, kujerar da ya fara ta tsaya da ƙafa uku. Duk muka ɗauka ƙyuyar tsufa ce. Da muka kai shi asibiti, likita ta ce ciwon damuwa ne. Ta yi mana bayanin wani sinadari na ƙwaƙwalwa, serotonin, mai hannu a barci da cin abinci da kuzarin zuciya. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ta ja mana kunne kada a daina sai da izininta.

Bayan wata biyu sai ga Baba yana goge katako, yana tsokanar Umma wai shayinta ruwan wanke kofi ne. Ana nan na ji maƙwabciyarmu tana cewa maganin masu taɓin hankali yake sha. Kunya ta kama ni. Da wayona na banza na ce ai wanda ya warke ba ya shan magani, na kwashe na zuba a shara, na ce masa likita ta sallame shi. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Garin neman gira na rasa ido.

Yau sati uku yana zaune a ɗaki, fuskarsa na kallon bango, abinci sai Umma ta yi ta lallashi. Mun koma asibiti an sake farawa, amma likita ta ce sai an yi haƙuri, ba lallai ya yi saurin tashi kamar da ba. Jiya na durƙusa gabansa na faɗa masa gaskiya ina kuka. Na so ya zage ni, Yaya. Ya juyo ya kalle ni, ya ce shi ma ya so ya yi fushi da ni, ya laluba a zuciyarsa bai samu ba.

Don Allah ka riƙa kiransa. Ko bai amsa maka ba, ka yi ta magana, yana ji.

Ka gaishe min da Anti da 'yan biyu. Umma da Gwaggo suna gaishe ka. Ka sa Baba a addu'a, ni ma ka sa ni.

Ƙanwarka,
Auta