Ƙurar Kuɗin Matattu

Ƙauyen Panjia, Shaoxing
Watan Maris

Zuwa ga maɗaukakiya Yayata Suyun, tauraruwar gidan Pan, sarauniyar keken ɗinki a ƙasar Italiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Guofu. Yaya aiki? Yaya sanyin ƙasar mutane? Yaya ciwon bayan nan naki? Idan kuna lafiya, madalla. Baba da Mama suna gaishe ku.

Ƙanenki ne Jinsheng, wanda jarrabawar shiga jami'a ta zalunta har sau biyu, wanda kuma a halin yanzu yake riƙe da muƙamin Mataimakin Gwamnan Babban Bankin Matattu, reshen tsakar gidanmu. Na ɗauki alƙalami ne saboda wayar gidan nan, kamar yadda kika sani, tana gefen teburin Mama, kuma babu maganar da ke bi ta cikinta sai da amincewar hukuma.

Ga rahoton ma'aikata. Bikin share kaburbura ya matso, kowa yana so ya ƙona wa kakanninsa kuɗin takarda masu ruwan azurfa don kada talauci ya kama su a can, saboda haka hutu ya ƙaurace mana. Baba yana narka kuza, ya yi ta dukanta da guduma har ta koma falle kamar ɓawon albasa. Mama tana lasar yatsa ta raba fallen, ta manna a takarda, ta ninke. Ni kuwa an ɗora mini babban nauyin shara, da tankaɗen tokar da muke sayowa daga gidajen ibada, wadda Baba ke sake narkawa a tsakar gida don ya tatso ƙarfen da ya saura. Kuza ta yi tsada bana, sai dillali ya ƙara dalma a cikin gaurayen. Baba ya ce matattu ba sa kai ƙara. Ƙurar ta hau komai. Shinkafarmu tana ƙyalli, girar Mama tana ƙyalli, har kyanwa ta zama 'yar gidan masu hali.

Yanzu ga abin da na san kin tsallake komai don ki karanta, wato labarin ɗanki, mai girma Tongtong. Tun da ya cika shekara uku ya kafa fadarsa a ƙarƙashin teburin Mama, ya kuma fara koyon sana'a, domin ya ƙware a lasar yatsa. Sai dai kwanan nan ya shiga yajin cin abinci. Bayan gida yana yi masa wuya, yana riƙe ciki yana kuka, shekaranjiya kuma ya ciji 'yar maƙwabta ba tare da wani sammaci ba. Mama ta ce, "Uwarsa ya ɗauko. Ita ma sai da ta cije rabin unguwar nan kafin ta yi hankali."

Baba lafiya, sai dai guduma ta suɓuce masa jiya. Ya ce ƙotar ce ta tsufa. Ni ma kaina yana sara, bakina kuma kamar na kwana ina tsotsar ƙusa. Gajiya ce kawai.

Ki gaida Yaya Guofu. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya da ƙasaita,
Jinsheng

Watan Afrilu

Zuwa ga Yayata Suyun,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? Ina fatan kuna lafiya. Ki karanta wannan a zaune.

Tongtong ya fara zubar da kalmominsa. Kin tuna yadda yake kiran jirgi, agwagwa da gada a waya don ya burge ki? Yanzu sai ya nuna abu da yatsa ya tsandara ihu. Fuskarsa ta yi fari fat.

Majalisar lafiya ta gidanmu, wadda Mama ce shugabarta kuma ita kaɗai ce mamba, ta yanke hukuncin cewa marigayi Kaka ne ya yi fushi, saboda shekara da shekaru ba ki zo kin share kabarinsa ba. Maganin kuwa shi ne a ƙara masa kuɗi. Ta kai kasko ɗakin da yaron ke kwana, ta rufe tagogi don kada hayaƙin ya ɓata hanya, ta ƙona takardunmu mafi kauri. Daga nan ta tsinci tokar da yatsu uku, ta kaɗa a ruwan ɗumi, ta ɗura masa. Na gabatar da ƙorafi cikin ladabi. Ta ce, "Kai da ka faɗi jarrabawa sau biyu ne za ka koya mini raino? Da wannan tokar na raine ka!" Na ce mata wannan hujja tawa ce, ba tata ba. Na sha ranƙwashi.

Sai na shirya makirci. Na ce zan kai shi birni in saya masa takalmi, na wuce da shi asibitin yara. Likitar wata mata ce da gajiya ta gama cinye mata fuska. Kafin in fara jawabin da na tsara a mota, ta kalli faratana ta ce, "Gidan takardar azurfa ne?" Na ce haka ne, tun daga kakan kakanmu. Ta ce, "Zauna, saurayi. Ba ku ne na farko ba."

An ɗebi jininsa. Gubar dalma ce, Yaya, kuma ta yi yawa. Likitar ta ce ta baki da hanci take shiga: ƙurar ƙasa da yake wasa a kai, yatsan da yake lasa, hayaƙin tukunyar Baba, tufafinmu da yake rungumewa. Abin da jikin babba zai ɗauki kaɗan, jikin yaro shanye shi yake yi kamar soso. Gubar takan rage masa jini, ta kwanta a ƙashi, ta kuma hau ƙwaƙwalwa, can ne take yin ɓarnar da ba lalle a gyara ba. Da na ba ta labarin ruwan toka, sai ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Ta ce akwai maganin da ke wanke jini, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma ya kwana a gidan nan. Ta ɗaga leɓena, ta nuna mini baƙin layi a dasashina, ta ce in kawo Baba, domin ba ƙota ce ke sa hannu ya saki ba.

Na dawo gida na manta ban sayi takalmin ba. A nan mashahurin makircin nawa ya rushe.

Ki yi haƙuri da wannan labari. Zan sake rubutowa.

Ƙanenki,
Jinsheng

Watan Mayu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, kina kuma samun barci, ko da kaɗan. Wannan wasiƙa za ta iso ki ta hannun ɗan gidan Shou, mai komawa garinku jibi, domin ba zan iya jiran gidan waya ba.

An yi zaman majalisar ƙoli a kan teburin cin abinci. Na yi jawabi mai ratsa zuciya, na kawo sunan likita da takardar asibiti. Na kuma shaida musu cewa Gwaggo Meixiang ta yarda ta karɓi yaron a gidanta da ke kan tudu, inda babu komai sai ganyen shayi. Baba ya ci gaba da cin wake, ya ce, "Ubana ya yi aikin nan har ya mutu, haƙorinsa ko ɗaya bai fita ba." Na tuna masa cewa Kaka ya mutu yana jifan mutane da kwano, bai san sunan kowa ba. Ya ce wannan tsufa ne. Mama kuwa ta ce, "Suyun ta ɗora ɗanta a cinyata da hannunta. In kai shi gidan ƙanwar mijina, garin nan ya ce na kasa? Wace fuska zan fita da ita kasuwa?"

Ranar da kika bugo kika tambayi lafiyarsa, Mama ta ce miki yana ta ƙiba, ina tsaye a bayanta riƙe da shi. Nauyinsa bai kai na kyanwa ba. Kada ki ce ƙarya ta yi miki don mugunta. Tsoro take ji, domin in ta yarda da likita, to ta yarda cewa da hannunta ta ɗura masa.

Jiya da tsakar rana ya sandare a ƙarƙashin teburin. Idanunsa suka juye, ƙafafunsa suna harbi. Kafin in isa wurinsa Mama ta ɗauko ashana za ta sake ƙona takardu. Na fizge ta daga hannunta, abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na saɓa shi a kafaɗa na fita neman mota. Yanzu yana asibiti, ya farfaɗo, an fara ba shi magani. Amma idan an sallame shi, nan za su dawo da shi. Sun ce ni ba ubansa ba ne, ba uwarsa ba, mai shara ne kawai. Ke kaɗai ce za ki iya cewa a'a.

Na san ba za ki iya zuwa ba. Ba ki da takardu, in kika fito ba ki komawa. Abin da nake roƙo shi ne ki bugo waya ki ce a kai shi gidan Gwaggo. Kada ki yi wa Mama faɗa, Yaya, in kika yi za ta kafe. Ki ce ke kike so, ki kuma ce ba ki yarda da rainon kowa ba sai nata, don haka ta bi shi. Wannan ita ce dabarar da ta rage a taskar hikimata, taskar kuma ta kusa ƙarewa.

Na gaji matuƙa. Ki gaida Yaya Guofu.

Ƙanenki,
Jinsheng

Watan Yuni

Zuwa ga Yayata Suyun,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki? Na ji muryarki ta dushe, ki riƙa shan ruwan zafi.

Ban san abin da kika faɗa wa Mama ba. Na dai ga ta riƙe wayar tana saurare har ƙarshe, lamarin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidan Pan. Da ta ajiye, ta shiga kicin ta yi ta wanke shinkafa guda, tana zubar da ruwan tana sakewa, har na karɓe kwanon.

An sallami Tongtong, kuma suna gidan Gwaggo, shi da Mama. Likita ta ce kada wani abu na gidan nan ya bi shi, ko bargo, ko 'yar tsana, ko cokali. Na ɗauka za a yi yaƙi. Sai ga Mama ta tafi gidan wanka na kasuwa, ta sa aka datse mata gashin da ta tara tun kafin a haife ki, ta sayi riga da wando na gwanjo, ta bar nata a can. Da na bayyana cewa ta yi kama da sabon kurtu, ta ce, "Rufe mini baki ka ɗauki jaka, sakarai."

Kin tambaye ni ko maganarsa za ta dawo. Ban sani ba, Yaya. Likitar ma ta ce ba ta sani ba. Yana cin abinci, cikin ya daina murɗa masa, za a kuma riƙa duba jininsa. Iyakar abin da nake da shi ke nan.

Ni ina nan tare da Baba. Hannunsa na dama ya langaɓe daga wuyan hannu, ya ƙi zuwa asibiti, ga dillali yana jiran kayan bikin matattu na watan bakwai. Don haka guduma ta dawo hannuna. Ina ɗaure hanci da ƙyalle, na kuma san wannan ba komai ba ne. Za mu yi maganar nan wata rana, ba yau ba.

Ranar tafiyarsu, Baba ya zo tashar mota ya yi musu rakiya. Ya yi wanka, ya sa rigar da ya je bikinki da ita. Da Tongtong ya hango shi, sai ya zame daga hannun Mama ya ruga, ya ɗaga hannaye sama a ɗauke shi. Baba ya ja da baya. Ya mai da hannayensa biyu baya ya riƙe, ya daka masa tsawa: "Tafi wurin kakarka! Kada ka taɓa ni!" Yaron ya tsaya yana kallonsa, sannan ya fashe da kuka. Yana kuka motar ta tashi.

A hanyar gida na ce masa ai likita ta ce in mutum ya yi wanka ya canza kaya, yana iya ɗaukar yaro. Muka ci gaba da tafiya har gada. Can ya fito da hannunsa na hagu ya juya shi, yana duban tsagun fata da ƙarƙashin farata, inda ƙarfen shekara arba'in ya kwanta. Ya ce, "Ita ba ta ga hannuna ba."

Ki bugo masa waya, Yaya. Ba zai ce komai ba, amma ki bugo.

Ki gaida Yaya Guofu. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Jinsheng