Ƙararrawarmu Ta Sauko Ƙasa

Lahadi, 2 ga Maris
Ƙararrawar cocinmu na ɗariƙar Morabiya ta tsage. Da safe ta yi wani irin kuka kamar tsohon kwano. Ina cikin gonar ayaba na ji ta.

Laraba, 5 ga Maris
Fasto Mwaisumo ya zo. Wai dattawa na so a sayar wa masu narka ƙarfe. "Mama Tumpale, ki ba jama'a tarihinta, ko a tausaya mata." Na yarda. Sai ya ce Subilaga ma za ta yi magana. Ƙawata ta ƙuruciya, amma mun yi shekaru ko gaisuwa babu, duk a kan ƙararrawar nan. Lokacin yaƙin Turawa kakana ne ya binne ta kada sojoji su narkar. Ita kuwa ta ce nata kakan ne.

Asabar, 8 ga Maris
Barci ya ɗauke ni da rana. Na ga ƙararrawar ta taso daga Jamus, inda aka ƙera ta, tana tafe a kan tafkin Nyasa ba jirgi, ba matuƙi. Maza suka saɓa ta a sanduna, suna hawa dutse cikin gajimare suna waƙa. Ban ga fuskar kowa ba.

Talata, 11 ga Maris
An sauko da ita. Na tarar da Subilaga tana shafa tsagar. Ta tsufa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke Tumpale, wannan ce kakanki ya ɗauka shi kaɗai? Mutumin da buhun wake ke kayarwa?" Na ce, "Naki fa, mai ɗingishi?" Muka gwada turawa mu biyu, ko motsi. Dariya ta ƙwace mini, na mai da ita tari.

Lahadi, 16 ga Maris
Na tashi gaban jama'a, komai ya ɓace mini. Daga bayana na ji muryar Subilaga: "Fara da jirgin da ya kawo ta." Inda na tsaya ta ɗora. Da muka zo kan binnewa na ce "kakanninmu". Bakina ne ya faɗa.
Ba za a sayar ba. Za a ajiye ta a bakin ƙofa.

Alhamis, 20 ga Maris
Subilaga ta zo da dankali a kwando. Na zuba mata shayi, don dai ruwan ya riga ya tafasa. Har yanzu surutunta ya yi yawa.
Ta manta mayafinta. Gobe sai in kai mata.