Ba Kiwona Ba Ne, Sahura

Zuwa ga Sahura, sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan rana ta take a fadama, matata da ba ni da kamarta.

Sallama da kewa mai yawa. Yau kwana goma sha tara da tafiyarki gidan Inna a Adabka, gidanmu na Gummi ya yi min faɗi. Jiya Tasalla ƙanwarki ta kawo saƙonki, wai in sauwaƙe miki ki hutar da ni. Ki hutar da ni? Wayyo Sahura! Wa ya ce miki na gaji?

Laifin nawa ne, ba zan ɓoye ba. Tun haihuwarki ta fari ƙafafunki ke ta cika daga ƙugu zuwa idon sawu, ni kuwa sakarai ina ta washe baki. Mu nan ai mace ta yi jiki, mijinta ake yaba wa. Ranar bikin Dija ƙanwata har na daki ƙirji gaban mata na ce su zo su ga kiwona, ni Makau! Suka yi guɗa, ke kika yi murmushi kika shige ɗaki. Ashe kuka kika je yi. Ashe ko ɗanmu ya hau cinyarki sai wurin ya yi tabo, ki yini kina cije leɓe.

Na tuna damina ta farko da aurenmu, kina ratsa ruwan shinkafa da ƙwaryar fura a ka, kina tsokanata wai nomana na ragwaye ne. Ina wannan dariyar ta tafi? Yanzu ko suna ba ki zuwa. Kin fake da azumin nafila kina horar da kanki da yunwa, fuska ta zabge, wuya ya rame, ƙafafun suna nan yadda suke. Ranar da kika ce min, "Wanga jiki ba nau ba na, mi za ka yi da ni?" na ɗauki fartanyata na fice, kuma fitar nan tawa tana cina har yau.

Kin ji likita da kunnenki. Ta ce ciwon kitse ne, lifidima, ba ci ya kawo shi ba, ba tundurmi ba ne, ba sammu ba. Ba ta yi alkawarin zai tafi ba, ni ma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ta ce da safar matsewa da 'yar tafiya kullum ana samun sauƙi. Tafiyar tare za mu riƙa yi, mai kallo ya kalle mu mu biyu.

Ba ƙafafunki ke ba ni tsoro ba, farin watana, zuciyarki ce da ta daina son ki.

Sakin nan ba zan yi ba. Ranar Asabar ina tafe da mota, don na san babur azaba yake ba ki a hanyar nan. In ba ki son ganina, zan zauna a zaure har ki so. Abu ɗaya nake roƙo don girman Allah: yau ki ci abinci, ko loma uku ce.

Naki a lafiya, naki a ciwo, har ranar da za a kai ni makwanci,

Makau